Matan Japan a Hotunan Farko: Shin Gani ya Kori Ji?

Gabatarwa

A zangon karatu da ya wuce an ba mu aikin rubuta maƙala a kan suturar matan Hausawa kafin atamfar kanti ta cika kasuwa. Da na shiga laburare sai na yi kiciɓis da wani tsohon littafi mai ɗauke da hotunan zamanin Turawa, a ciki har da na wata mata tsaye da tulu a ka, an rubuta a ƙasa wai Bahausa ce. Nan da nan na kafa hujja da shi, na cika shafi biyu ina bayanin yadda kakanninmu ke ɗaura zane. Da takardata ta dawo sai na tarar malaminmu ya ja layi da jan biro, ya kuma rubuta tambayoyi uku a gefe: wa ya ɗauki hoton, wa ya saye shi, mene ne sunan matar? Ban iya amsa ko ɗaya ba, makin da na samu kuwa ba abin faɗa a mujalla ba ne.

Haushin wannan ne ya sa na shiga karance-karance a kan tarihin ɗaukar hoto, har bincike ya kai ni wata ƙasa mai nisa, watau Japan, inda a tsakanin 1860 da 1900 aka ɗauki dubban hotunan mata sanye da kimono, aka sayar wa baƙi. Waɗannan hotuna suna da kyau ƙwarai, kuma har yau da su mutane da yawa ke auna yadda matan ƙasar suka rayu a da. Kalmar da Japanawa ke kiran hoto da ita, shashin, ma'anarta ta asali ita ce kwafe gaskiya. Mu ma a nan mukan ce gani ya kori ji. Manufar wannan maƙala ita ce a bi tarihin hotunan, a ga wanda ya ɗauka da wanda ya saya da wadda aka ɗauka, sa'an nan mai karatu ya yanke wa kansa hukunci ko karin maganarmu ya yi gaskiya a nan.

Yadda Kyamara ta Shiga Japan

Tun daga 1603 mulkin Japan yana hannun gidan Tokugawa, waɗanda ke riƙe da sarautar shogun, watau sarkin yaƙin da ke gudanar da ƙasa a madadin Sarki. Wajen 1639 suka taƙaita hulɗa da ƙasashen waje ƙwarai, ya zamana daga cikin Turawa mutanen Holan kaɗai ke da izinin ciniki, su ma an killace su a wani ɗan tsibiri da ake kira Dejima a gaɓar Nagasaki. Ta wannan 'yar ƙofa ce littattafai da kayan kimiyyar Turai ke shiga. A 1839 aka sanar da hanyar ɗaukar hoto ta Daguerre a Faransa, a 1848 kuwa wani attajirin Nagasaki, Ueno Shunnojo, ya shigo da irin wannan kyamara. Ta faɗa hannun Shimazu Nariakira, mai mulkin lardin Satsuma, mutanensa suka yi shekaru suna fama da ita, sai a 1857 ɗaya daga cikinsu, Ichiki Shiro, ya yi nasarar ɗaukar ubangidan nasa. Wannan shi ne hoto mafi tsufa da ɗan ƙasa ya ɗauka wanda ya rage har yau.

Kafin nan kuwa al'amura sun riga sun sake. A watan Yuli na 1853 wani hafsan sojan ruwan Amurka, Matthew Perry, ya iso da jiragen yaƙi huɗu, ya nemi a buɗe ƙasa. Ya dawo a 1854 aka ƙulla yarjejeniya, kuma a cikin tawagarsa akwai mai hoto, Eliphalet Brown. Bayan wata yarjejeniyar ciniki ta 1858, aka buɗe tashoshin Yokohama da Nagasaki da Hakodate ga baƙi a 1859. Yokohama a lokacin ƙauyen masunta ne, amma cikin 'yan shekaru ya zama babban gari mai unguwar Turawa da kantuna da otal-otal. A 1862 Ueno Hikoma, ɗan attajirin nan da na ambata, ya buɗe gidan hoto a Nagasaki, Shimooka Renjo kuma ya buɗe nasa a Yokohama. Da farko ciniki bai yi musu daɗi ba, domin jama'a na camfa hoto. Wasu sun ce yana rage kwana, wasu sun ce in mutum uku suka tsaya, na tsakiya ne zai riga sauran mutuwa. Saboda haka kuɗi na hannun baƙi, kuma wajen baƙi masu hoto suka karkata.

Kasuwar Yokohama

Mutumin da ya fi kowa kafa wannan kasuwa shi ne Felice Beato, ɗan asalin Italiya da ke ƙarƙashin tutar Ingila. Kafin ya zo Japan a 1863 ya ɗauki hotuna a yaƙin Kirimiya a 1855, da Indiya a 1858 bayan boren da aka yi wa Ingilishi, da Sin a 1860. Daga baya ma, a 1885, ya bi rundunar Ingila da ta nufi Khartum ta Sudan don ceto Gordon. Watau dai mutum ne da ya saba bin sawun sojan mulkin mallaka, ya kuma san abin da mutanen Landan ke son gani. A Yokohama ya haɗa gwiwa da Charles Wirgman, mai zane na wata jaridar Landan. Gobarar 1866 ta cinye masa kaya da yawa, ya sake farawa, a 1868 ya fitar da kundi mai juzu'i biyu, ɗaya na wurare, ɗaya na abin da ya kira ire-iren mutanen ƙasa. Mai karatu ya lura da wannan suna, domin shi ne tushen zancen duka. Wanda ke cikin hoton an ɗauke shi ne a matsayin samfuri, kamar yadda ake jera irin dawa a baje koli.

Bayan Beato sai Baron Raimund von Stillfried, mutumin Ostiriya, wanda ya buɗe gidan hotonsa a 1871. Shi ne ya saci hoton Sarki Meiji ba da izini ba a farkon 1872, hukuma ta sa aka ƙwace. A 1873 kuma ya tafi bikin baje kolin duniya na Biyana da gidan shayi irin na Japan da wasu 'yan matan ƙasar don su yi hidima a ciki, abin da ya jawo masa surutu. A 1877 kamfaninsa ya saye kayan Beato, a 1885 kuma Adolfo Farsari, mutumin Italiya, ya saye kamfanin. A gefe guda akwai Kusakabe Kimbei, wanda ya fara a matsayin yaron Beato mai zuba launi, ya buɗe nasa gida wajen 1881, ya zama ɗaya daga cikin mafi ciniki a garin. Shi ma ya mallaki wasu gilasan hotunan iyayen gidansa na da. Wannan gado da gilasai ke yi daga hannu zuwa hannu ya sa hoto ɗaya kan fito a kundaye daban-daban, kowa ya lanƙaya masa sunan gidansa da taken da ya ga dama, ko da an yi shekara ashirin da ɗaukarsa.

Su wa ke saye? A 1867 jiragen fasinja suka fara zirga-zirga tsakanin San Faransisko da Yokohama. A 1869 aka buɗe mashigin Suwez, aka kuma haɗa layin dogo da ya ratsa Amurka daga gaɓa zuwa gaɓa. A 1872 Thomas Cook ya jagoranci ayarinsa na farko na masu kewaya duniya, suka bi ta Yokohama. Irin waɗannan 'yan yawon buɗe ido kwanaki kaɗan suke yi, kuma doka ta hana baƙo wuce kimanin kilomita 40 daga tasha sai da takardar izini, dokar da ba a ɗage ba sai 1899. Saboda haka baƙo yakan shiga gidan hoto, a ba shi littafin samfuri mai lambobi, ya zaɓi hamsin ko ɗari, a haɗa masa su cikin kundi mai bangon katako da aka yi wa baƙin shafe mai ƙyalli. Sau da yawa yakan sayi kundin tun bai ga ƙasar ba. Da ya koma gida sai ya buɗe wa iyalinsa ya ce ga Japan.

Yadda Ake Haɗa Hoton

Ya kamata mu san aikin kansa, don shi ma ya tilasta wasu abubuwa. Hanyar da ake bi a lokacin ita ce ta ɗanyen gilashi, wadda Frederick Scott Archer ya fito da ita a Ingila a 1851. Mai hoto zai shafa wa gilashi wani ruwa mai danƙo da ake kira kolodiyon, ya tsoma shi a ruwan azurfa, ya sa a kyamara, ya ɗauka, ya wanke, duk kafin gilashin ya bushe, watau cikin kamar minti goma zuwa sha biyar. Wanda ake ɗauka kuwa dole ya tsaya cik na daƙiƙu masu yawa, har akan ɓoye wani ƙarfe a bayansa ya tallafe ƙeya. Daga nan a samo takardar da aka shafa wa farin ƙwai da gishiri, a jiƙa ta da ruwan azurfa, a ɗora gilashin a kai a shanya a rana har hoton ya kama. Da irin wannan kaya ba a iya kama mace tana tafiya kasuwa ko tana dariya da ƙawarta. Sai a ɗaki mai rufin gilashi, a shirya kowa da komai.

Don haka mafi yawan hotunan matan a gidan hoto aka yi su. A baya akwai labulen da aka zana Dutsen Fuji ko lambu, a ƙasa akwai tabarma, a gefe akwai kaskon wuta da butar shayi da mafici da madubi. Wanda ya jera hotunan gida ɗaya zai ga kaskon nan da labulen nan suna ta dawowa. Akwai wani sanannen hoto na gidan Kimbei da ke nuna budurwa riƙe da laima tana fama da iska da ruwan sama. Ba a yi ko yayyafi ba a ranar. Waya aka sa ta ɗage gefen rigar kamar iska ce ke kaɗawa, layukan ruwan kuwa da hannu aka ƙara su.

Sai kuma launi. Kyamarar lokacin baƙi da fari kawai take bayarwa, ko in ce ja-ja irin na ƙasa. Amma Japan na da ƙwararrun masu fenti da suka gaji aikin buga zane da katako, aikin da ya shahara da zanen kyawawan mata tun zamanin Kitagawa Utamaro wanda ya rasu a 1806. Gidajen hoto suka ɗauke su aiki, suna bin kowane hoto da siririn burushi da launin ruwa. A gidan Farsari a 1891 fiye da rabin ma'aikata masu zuba launi ne. Suna zuba launin ne bisa ga abin da ya yi musu kyau, shi ya sa za ka tarar da hoto ɗaya kwafi biyu, a nan rigar ja ce, a can shuɗiya. Har wa yau salon tsayuwar matan, mai rubuta wasiƙa, mai duba madubi, mai kaɗa shamisen, wadda kamar molo take da tsirkiya uku, duk daga tsohon zanen katakon aka aro su. Ashe hoton da ake ɗauka a kan shaida yana kwaikwayon zane ne.

Su wa ne Matan?

A Japan ta wancan zamani suturar mace magana take yi, kamar yadda kitso da lalle da ɗaurin kallabi ke yi a wurinmu. Kalmar kimono ma'anarta abin sawa. Budurwa kan sa mai dogon hannu da ke reto, furisode, matar aure kuwa takan rage tsawon hannun. Budurwa kan yi gyaran gashi da ake kira shimada, matar aure ta yi marumage. Faffaɗar ɗamarar nan, obi, galibin mata a baya suke ƙulla ta, manyan karuwan unguwannin da hukuma ta keɓe kuwa a gaba. Bugu da ƙari matan aure kan rina haƙoransu baƙi ƙirin da ruwan ƙarfe da garin wani ƙullutun itace, da yawa kuma su aske gira. Wannan ado bai kamata ya ba mu mamaki ba, mu da iyayenmu mata suka rina nasu haƙora da fure da goro. Turawa kuwa sun ƙyamace shi, jakadan Ingila na farko, Rutherford Alcock, har ya kushe shi a littafinsa na 1863. Bajapane zai dubi hoto ya karanta duk waɗannan alamu a take. Baƙon da ya sauka daga jirgi jiya kyakkyawar riga kawai yake gani, duk abin da aka rubuta masa a ƙasa kuma shi zai ɗauka.

To, gidajen mutunci ba sa yarda a sayar da fuskar 'yarsu ga kowane matafiyi. Saboda haka masu hoto suka dogara da matan da za a iya biya: geisha, watau waɗanda aka horar tun suna ƙanana a kan kiɗa da rawa da hira da baƙi, da 'yan aikin gidajen shayi, da karuwai. Mace ɗaya takan fito yau a matsayin uwargida, gobe 'yar ƙauye da kwando, jibi mai barci a shimfiɗa. Taken da ke ƙasa ba ya wuce budurwa, ko mawaƙiya, ko mace na gyaran gashi. Da yawa daga irin waɗannan mata talauci ne ya sa iyayensu suka karɓi kuɗi suka miƙa su bisa yarjejeniyar shekaru. A 1872 ma gwamnati ta ba da dokar 'yantar da karuwai da geisha daga irin wannan bashi, bayan shari'ar jirgin Maria Luz na ƙasar Peru da aka kama a Yokohama da leburorin Sin a tsare, ko da yake sana'ar ta ci gaba da wani sabon suna. Ba ko ɗaya daga wannan labari da ya fito a cikin kundin.

Akwai kuma hotunan da aka tuɓe matan rabi, ana cewa suna wanka ko kwalliya, gidan Stillfried ya yi suna da irinsu. Abin lura shi ne a 1872 hukumar Tokyo ta fara cin tarar masu fita tsirara a titi, don kada baƙi su raina ƙasar. Watau a daidai lokacin da hukuma ke rufe jikin jama'arta saboda idon baƙo, a gidan hoto ana buɗe shi saboda aljihun baƙon nan dai.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Saito Kichi, wadda aka fi sani da Okichi. A 1857 aka tura ta hidimar Townsend Harris, ƙaramin jakadan Amurka na farko a garin Shimoda, ta yi kwanaki kaɗan aka sallame ta, amma tabon bai bar ta ba har ta mutu. Daga baya labarinta ya zama na littattafai da wasanni, aka riƙa buga hoton wata kyakkyawar yarinya ana cewa ita ce. Masu bincike sun nuna cewa hoton nan yana cikin kundayen Yokohama da taken 'yar hafsa. Ga mace mai suna da aka ba fuskar wata, ga mai fuskar kuma babu wanda ya san sunanta.

Abin da Kundin Bai Nuna ba

Kada mai karatu ya ɗauka cewa kimonon kanta ƙarya ce. Galibin matan Japan sun ci gaba da sa ta kullum har cikin ƙarni na 20, suturar Turai ba ta game gari ba sai bayan 1945. Matsalar tana wajen zaɓi, abin da aka sa a kundi da abin da aka bari a waje. A 1868 mulkin Tokugawa ya faɗi, aka mai da iko ga Sarki Meiji, aka sake wa Edo suna zuwa Tokyo, ƙasa ta shiga sauyi da gudu. A 1872 Uchida Kuichi ya ɗauki Sarki da uwargidansa Haruko cikin tufafin fada na gargajiya, amma a 1873 ya sake ɗaukar Sarki cikin kakin soja irin na Turai. A wannan shekara uwargidan ta daina rina haƙora da aske gira. A 1886 ta fara fita da rigar Turai, a watan Janairu na 1887 kuma ta fitar da takarda tana kiran mata su yi haka, tare da jan hankalinsu su yi amfani da yadin gida. A 1876 an hana samurai yawo da takobi, amma gidajen hoto suka ci gaba da sayar da hotunan samurai cikin sulke, 'yan haya ne aka sa wa kayan.

Har wa yau a 1872 gwamnati ta buɗe masana'antar zaren siliki ta Tomioka da injinan Faransa, inda ɗaruruwan 'yan mata suka yi aiki, ɗaya daga cikinsu, Wada Ei, ta bar mana labarin zamanta a rubuce. Zaren siliki shi ne babban abin da Japan ke fitarwa ta tashar Yokohama, guminsu ne ya gina garin da ake sayar da kundayen. Duk da haka baƙo ya fi son hoton yarinya zaune a tabarma tana kaɗi da hannu. Haka nan a watan Disamba na 1871 aka tura 'yan mata biyar karatu Amurka, ƙaramarsu Tsuda Umeko tana da shekara shida. Akwai hotonsu cikin kimono kafin tafiya, akwai wani cikin rigunan Turai bayan sun isa. Umeko ta dawo a 1882, ta kafa makarantar mata a 1900, a 2024 kuma aka sa fuskarta a takardar yen 5,000. Akwai ma Shima Ryu, macen da ta riƙe kyamara da kanta ta ɗauki mijinta a 1864, wadda sai a shekarun 1980 aka gano aikinta.

Hotunan da Japanawa suka ɗauka don kansu ma daban suke. Talaka ko ɗan kasuwa kan je a yi masa hoto ɗaya tilo a kan gilashi, a sa a 'yar akwatin katako, sau da yawa a rubuta suna da shekaru da ranar ɗauka a cikin murfin. Matan da ke cikin irin waɗannan ba su cika kyan na kundi ba, rigarsu mai duhu ce, tsayuwarsu a sandare, amma ga mai neman tarihi sun fi amfani nesa ba kusa ba. Ko a 1891 da Ogawa Kazumasa ya ɗauki geisha 100 aka jera a benen Ryounkaku mai hawa 12 a Tokyo don jama'a su zaɓi wadda ta fi kyau, an rubuta sunan kowace, domin 'yan kallon 'yan gida ne.

Hoton macen kundi, mai shiru mai ladabi, wadda ba ta da suna ba ta da dangi, ya samu wuri a zukatan Turawa tare da littafin Pierre Loti na 1887 da wasan waƙar Puccini na 1904, Madama Butterfly. Kasuwar kanta ta ja baya bayan fitowar ƙaramar kyamarar Kodak a 1888 da halatta katunan wasiƙa masu hoto a Japan a 1900. Girgizar ƙasa ta ranar 1 ga Satumba 1923 ta rushe Yokohama, ta haɗa da benen nan na Tokyo. Da yawa daga kundayen da suka tsira a ƙasashen waje suke, daga can ne wurare irin su laburaren Jami'ar Nagasaki suka riƙa sayo su suna mayarwa gida.

Kammalawa

Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Irin wannan ciniki an yi shi a nahiyarmu. Daga wajen 1900 Edmond Fortier yana zaune a Dakar yana buga dubban katuna na Afirka ta Yamma, da yawa na 'yan mata ne da aka rubuta wa sunan ƙabila kawai. A 1981 marubucin Aljeriya Malek Alloula ya yi littafi guda a kan katunan da Faransawa suka yi da matan ƙasarsa. Bambancin shi ne Japan ba ta faɗa hannun 'yan mulkin mallaka ba, 'ya'yanta sun karɓe sana'ar da wuri, sun kuma adana takardun da suka ba masu bincike damar cewa wannan gilashin na wane ne, an ɗauke shi shekara kaza. Amma ko da kyamara ta koma hannun Kimbei, hoton bai sake sosai ba, domin mai saye bai sake ba. Maroƙi ma wanda zai ba shi yake wasawa.

Ban ce a jefar da tsofaffin hotuna ba. Daga na Yokohama ana iya koyon ɗinkin riga da ƙullin ɗamara da gyaran gashi, tun da waɗannan na gaske ne a jikin mata na gaske. Abin da ba za a karɓa hannu biyu ba shi ne take da launi da labule. Na koma ga hoton matar nan mai tulu, na dube shi da kyau, sai na ga inuwar bango a bayanta da alamar an tsai da ita ne, tulun kuma ba gammo a ƙarƙashinsa. Wace mace ce za ta ɗauko ruwa daga rijiya ba gammo?

A hutun da ya wuce na ciro hoton kakata daga ƙasan adaka, wanda aka ɗauka tana amarya, da agogo a hannu da rediyo a kan tebur. Na tambaye ta, ta yi dariya ta ce agogon da rediyon duk na mai hoto ne, zanen kaɗai nata, shi ma na ƙanwar uwarta ne ta ara mata. Na ɗauki fensir na rubuta wannan duka a bayan hoton, da cikakken sunanta da garin da shekarar. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai kowa ya yi haka in ya je gida hutu, tun masu ba da amsar suna raye. Ƙungiyarmu kuma za ta iya tattara kwafin irin waɗannan hotuna da bayanansu ta miƙa wa sashe, don ɗalibin da za a ba aikin sutura a baɗi ya sami abin kafa hujja da ya fi nawa.